Tambaya da Amsa: Yadda Mai Manhaja Zai Sa Ciniki da Miƙa Lasisi Su Riƙa Tafiya da Kansu

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni kaɗai na rubuta wata manhajar kwamfuta wadda masu shagunan sayar da magani suke amfani da ita wajen lissafin kaya da lura da magungunan da wa'adinsu ya kusa ƙarewa, kuma ina sayar da lasisinta a kan naira 30,000. Tsarin da nake bi shi ne mai saye ya tura kuɗi asusuna na banki, ya aiko mini da hoton rasit ta WhatsApp, in jira alat ya shigo, sannan in haɗa lambar lasisi da hannuna in tura masa. Lokacin da masu saye ba su da yawa ban ga wahalar hakan ba, amma yanzu wani yakan biya da tsakar dare ko ina kan hanya, ya yi ta kirana kamar na cinye masa kuɗi. An kuma taɓa turo mini rasit na bogi, na ba da lasisi kafin in ankara. Ta yaya zan sa wannan aiki ya riƙa tafiya da kansa?

Wani mai karatu daga Kano

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Wannan matsala ta girmi intanet ɗin da muka sani a yau. A 1982, lokacin da Andrew Fluegelman mai manhajar PC-Talk da Jim Knopf mai PC-File suka fara raba manhajojinsu a Amurka suna neman duk wanda ya ji daɗinsu ya biya, ta gidan waya ake aiko musu da cak, kuma masu manhaja da yawa da suka biyo bayansu sun shafe shekaru suna buɗe ambulan da hannu suna mayar da amsa da hannu. Sai daga baya kamfanoni irin su Kagi, wanda aka kafa a 1994, suka fara karɓar kuɗin kati a madadin ƙananan masu manhaja. Hoton rasit a WhatsApp shi ne cak na wannan zamani, kuma maganinsa iri ɗaya ne da wanda aka samo a can: mutum ya fita daga tsakanin biyan kuɗi da miƙa lasisi.

Matakin farko shi ne ka daina karɓar kuɗin manhaja kai tsaye a asusunka. Ka buɗe asusun kasuwanci da ɗaya daga cikin kamfanonin karɓar kuɗi ta intanet, kamar Paystack ko Flutterwave ko Monnify, kuma idan kana da rajistar kasuwanci ta hukumar CAC abin zai fi zuwa maka da sauƙi. Kada ka ji tsoron cewa masu shaguna ba sa son biya da kati, domin waɗannan kamfanoni suna iya ba mai saye lambar asusu ta musamman da aka ware wa cinikinsa, ya tura kuɗi daga manhajar bankinsa yadda ya saba, su kuma su gane wane ciniki ne aka biya ba tare da kowa ya aiko da hoto ba. Game da la'ada, farashin da Paystack ya daɗe yana sanarwa a kan cinikin cikin gida shi ne kashi 1.5 cikin 100 da ƙarin naira 100, kuma ba ya wuce naira 2,000 komai girman cinikin. A kan lasisinka na naira 30,000, naira 550 ke nan. Wanda ya taɓa asarar lasisi guda saboda rasit na bogi ba zai ga tsadar wannan ba.

Inda mafi yawan masu farawa suke tuntuɓe shi ne wajen tabbatar da cewa an biya, don haka a nan zan fi daɗewa. Idan mai saye ya gama biya, kamfanin yakan mayar da shi wani shafi a gidan yanar gizonka mai cewa an gode. Da yawa sukan ɗora fitar da lasisi a kan wannan shafi, kuma kuskure ne ta fuska biyu. Mai gaskiya yana iya biya sannan sabis ya ɗauke ko wayarsa ta mutu kafin shafin ya buɗe, ya rasa lasisi alhali kuɗinsa sun fita. Mai wayo kuwa yana iya rubuta adireshin shafin da kansa ya karɓi lasisi bai biya sisi ba. Abin dogaro shi ne saƙon da sabar kamfanin, wato kwamfutar da ke gudanar da aikinsa a intanet, take aika wa sabarka kai tsaye da zarar kuɗi sun tabbata, wanda masu sana'ar suke kira webhuk. Wannan saƙo ba ya bi ta wayar mai saye, saboda haka ba ruwansa da ko ya rufe shafi ko bai rufe ba.

Shi ma saƙon ba a karɓarsa ido rufe, tunda duk wanda ya gano adireshin da sabarka take sauraro yana iya aiko da na ƙarya. Kamfanonin suna sa wa kowane saƙo hatimi na lissafi da aka haɗa da mabuɗin sirrin da ke tsakaninka da su. Paystack, alal misali, yana amfani da tsarin hatimi mai suna HMAC SHA512. Sabarka ta sake lissafa hatimin da kanta, idan bai yi daidai ba ta yi watsi da saƙon. Idan ya yi daidai, ta duba adadin kuɗin da kuma irin kuɗin. A lura cewa Paystack da kwabo yake lissafi, don haka lasisin naira 30,000 zai zo a rubuce 3,000,000. Mai manhajar da ya manta da wannan, ya rubuta cewa a ba da lasisi idan adadin ya kai 30,000, ya buɗe ƙofar sayar da aikinsa a naira 300, musamman idan a shafin da ke gaban mai saye ake saka farashi, inda wanda ya san kan abin zai iya sauya shi. Farashi daga sabarka ya kamata ya fito, kuma a can za a sake auna shi.

Akwai kuma batun maimaituwa. Idan sabarka ba ta amsa da wuri cewa ta karɓi saƙon ba, kamfanin zai ci gaba da turo shi. Paystack da Stripe, wani kamfanin karɓar kuɗi na Amurka, duka sukan yi ta gwadawa har tsawon kwana uku. Wannan alheri ne ranar da sabarka ta faɗi, amma yana nufin saƙo ɗaya yana iya zuwa sau biyu ko uku. Don haka ka adana lambar kowane ciniki a rumbun bayananka tare da sharaɗin cewa ba za ta shiga sau biyu ba. Idan saƙo ya zo da lambar da aka riga aka gani, sabar ta amsa cewa ta karɓa, amma kada ta fitar da sabon lasisi. Haka kuma ta fara rubuta cinikin ta amsa wa kamfanin, sannan ta juya ga aika imel, domin jinkirin imel kada ya sa a ɗauka saƙon bai isa ba.

Miƙa lasisin kuwa kada ka bar shi ga hanya ɗaya. Ya bayyana a shafin da mai saye yake gani bayan sabarka ta tabbatar da biyan, ya kuma tafi ta imel. Imel ɗin da aka aika daga ƙaramar saba da ba a san ta ba yakan faɗa akwatin tarkace, kuma tun watan Fabrairun 2024 Gmail da Yahoo suka tsaurara sharuɗɗan tantance mai aikawa, don haka ka saita SPF da DKIM da DMARC, wato hanyoyin shaida cewa imel daga gare ka ya fito, a kan sunan gidan yanar gizonka, ka kuma bi ta masu aikin aika irin waɗannan saƙonni, kamar Amazon SES ko Postmark ko Mailgun. Ina kyautata zaton masu shagunan da kake hulɗa da su sun fi duba saƙon tes a kan imel, saboda haka ƙarin gajeren saƙo zuwa lambar wayar da suka rubuta zai rage maka kiran dare fiye da kowane abu. Ka kuma yi shafin da wanda ya ɓatar da lambarsa zai rubuta imel ɗinsa a sake aika masa, domin bayan wata shida yawancin saƙonnin da za su riƙa zuwa maka na waɗanda aka yi wa kwamfuta gyara ne suka rasa lasisi.

Kafin ka buɗe wa jama'a, ka gwada komai a yanayin gwaji da katunan gwajin da kamfanin ya tanada, har da gwada kashe sabarka da gangan ka ga ko lasisin zai fita idan ta dawo. Sannan ka rubuta ɗan ƙaramin aiki da zai riƙa gudana kowane dare yana gwama jerin kuɗin da suka shigo da jerin lasisin da suka fita, ya sanar da kai idan an samu wanda ya biya bai samu ba.

Tambaya: Ina da ƙaramar manhaja ta tsara hotuna, kuma mafi yawan masu tambayar farashinta daga Turai da Amurka suke. Wani abokin aiki ya ce mini idan na sayar musu sai na biya haraji a ƙasashensu. Shin gaskiya ne, alhali ni a Najeriya nake zaune?

Wata mai karatu daga Zariya

Amsa: Gaskiya ya faɗa miki, Malama. A Tarayyar Turai, harajin VAT a kan kayan dijital da aka sayar wa ɗaiɗaikun mutane yana bin ƙasar da mai saye yake, ba ƙasar mai sayarwa ba, kuma ga mai sayarwa daga wajen tarayyar babu wani mafi ƙarancin ciniki da aka yafe. Adadin ya bambanta: kashi 17 cikin 100 a Lukzambur, 19 a Jamus, 20 a Faransa, 27 a Hungari. Akwai tsarin da ake kira OSS, wanda ya maye gurbin na baya a watan Yulin 2021, da ke ba mutum damar yin rajista a ƙasa ɗaya ya riƙa miƙa bayani duk wata uku a madadin sauran, amma Birtaniya tana da nata daban tun da ta fice, a Amurka kuma tun hukuncin kotun ƙoli na 2018 a shari'ar jihar Dakota ta Kudu da kamfanin Wayfair, kowace jiha tana iya neman harajin ciniki daga mai sayarwa na nesa idan ya kai ma'aunin da ta gindaya. Mutum ɗaya da ke rubuta manhaja yana kuma amsa koken masu saye ba zai iya bin wannan duka ba.

Shi ya sa aka samu kamfanonin da suke tsayawa a matsayin mai sayarwa a hukumance, irin su FastSpring da aka kafa a 2005, da Paddle da aka kafa a Landan a 2012, da Lemon Squeezy wanda Stripe ya saye a 2024, da Gumroad wanda ya koma wannan tsari a farkon 2025. Matsayinsu kamar na ɗan sari ne: a idon doka su ne suka sayi lasisin daga wurinki suka sayar wa mutumin Jamus, sunansu ne a rasit, kuma su ne suke karɓar haraji su miƙa wa hukumomi. Wannan ya bambanta da kamfanin da ke sarrafa biyan kati kawai, inda ke ce mai sayarwa kuma haraji yana wuyanki.

Farashin wannan sauƙi ya fi tsada. Paddle da Lemon Squeezy sun saba karɓar kashi 5 cikin 100 da ƙarin santi 50, wato rabin dala, a kowane ciniki, alhali Stripe a Amurka kashi 2.9 ne da santi 30. Santi 50 ɗin nan ya kamata ki yi wa lissafi kafin ki yanke farashi: a manhajar dala 20 za a cire dala 1.50, wato kashi 7.5, amma a ta dala 5 za a cire santi 75, wato kashi 15. A ganina duk da haka, ga wadda kasuwarta take ƙasashen waje, wannan hanya ce ta fi, domin bambancin la'adar bai kai kuɗin akanta ba. Wasu daga cikinsu, kamar Lemon Squeezy da Gumroad, suna ma fitar da lambar lasisi da kansu su aika wa mai saye, su kuma ba manhajarki hanyar tambayar ko lambar tana aiki.

Abu biyu za ki bincika kafin ki ɗora aikinki a kan kowanne. Na farko, ko yana karɓar masu sayarwa daga Najeriya, da kuma ta wace hanya yake biyan su da bayan kwana nawa, domin wannan yana sauyawa kuma a shafinsu kaɗai za ki ga halin da ake ciki. Na biyu, ki tuna cewa kuɗinki suna kwana a hannunsu kafin su iso gare ki. Kagi ya rufe a 2016 bayan fiye da shekara 20 yana aiki, kuma a 2024 masu manhaja da dama sun koka cewa wani kamfani irin wannan mai suna Digital River ya daina biyan su kuɗin cinikinsu. Saboda haka ki riƙa kwashe kuɗinki a kan kari, ki kuma adana jerin masu saye da lasisinsu a rumbun da ke hannunki, yadda idan kamfani ya rufe ba zai tafi da masu cinikinki ba. Harajin da ke kanki a gida yana nan yadda yake, wannan kuma sai ki zauna da akanta.

Tambaya: Na gano cewa lambar lasisi ɗaya da na sayar tana aiki a kwamfutoci da yawa, ana ta yaɗa ta. Ina tunanin sa manhajar ta riƙa tuntuɓar sabata duk lokacin da aka buɗe ta, idan babu intanet ta ƙi buɗewa. Me kuka gani?

Wani mai karatu daga Katsina

Amsa: Ban ba ka shawarar haka ba, Malam, domin wanda zai sha wahalar wannan tsari shi ne wanda ya biya. Mai satar manhaja zai samo kwafin da aka cire wa binciken gaba ɗaya ya yi aikinsa lafiya, mai gaskiya kuma ya tsaya da kwastoma a gabansa ranar da data ta ƙare ko sabarka ta faɗi. A inda sabis yake zuwa yana ɗaukewa, wannan kaɗai ya isa ya kashe kasuwar manhaja mai kyau.

Hanyar da ta fi dacewa ita ce lasisi mai sa hannu na lissafi. Za ka ƙirƙiri mabuɗai biyu masu alaƙa da juna, na sirri da na fili, ta tsari irin Ed25519 ko RSA. Na sirrin yana zaune a sabarka kaɗai, kuma da shi ake sa hannu a kan bayanan lasisi, wato sunan mai saye da nau'in manhajar da wa'adinta. Na filin kuwa yana cikin manhajar, kuma iyakar abin da zai iya shi ne tabbatar da cewa sa hannun naka ne. Ba zai iya ƙirƙirar sabon lasisi ba. Amfanin wannan a kan tsohon salon lambobin da ake haɗawa da wata dabarar lissafi shi ne, a tsohon salon duk wanda ya tono dabarar daga cikin manhajar zai iya buga lambobi iya son ransa, a nan kuwa babu abin da zai tono. Tabbatarwar kuma ba ta buƙatar intanet.

Game da yaɗa lamba ɗaya, ka nemi intanet sau ɗaya tak, ranar kunna lasisi. A ranar manhajar za ta aika wa sabarka wata alama da ta haɗa daga bayanan kwamfutar, sabar ta ƙirga, ta mayar da lasisin da aka ɗaure da wannan na'ura. Ka ba kowane lasisi damar na'ura biyu ko uku maimakon ɗaya, ka kuma ba mai shi hanyar sauke tsohuwar kwamfuta da kansa idan ya sayi sabuwa, in ba haka ba ka dawo da aikin hannun da kake gudu. Ga wanda kwamfutarsa ba ta hawa intanet sam, manhajar ta nuna masa alamar ya shigar da ita a shafinka ta waya, ya karɓi lasisinsa ya kwafa. Ka kuma sa sunan mai lasisi ya riƙa bayyana a fuskar manhajar da kan takardun da take bugawa, domin ba kowane mai shago ne zai so rasit ɗinsa ya fito da sunan shagon wani ba. Idan ba ka son gina wannan da kanka, akwai masu yin sa a matsayin sana'a, kamar kamfanin Keygen.

Tambaya: Idan komai yana tafiya da kansa, yaya zan yi da wanda ya karɓi lasisi sannan ya je bankinsa ya ce a dawo masa da kuɗi?

Wani mai karatu daga Jos

Amsa: Kamar yadda kamfanin biyan kuɗi yake aiko da saƙo idan an biya, haka yake aiko da wani idan an mayar da kuɗi ko mai kati ya shigar da ƙorafi, don haka sabarka ta saurari waɗannan ma, ta yi wa lasisin alamar an soke shi. Sabuwar kunnawa za ta tsaya nan take, sabuntawa ma haka. Kwafin da ya riga ya kunnu a kwamfutar da ba ta hawa intanet kuwa zai ci gaba da aiki, sai dai idan lasisin mai wa'adi ne. Masu katin ƙasashen waje sukan sami kusan kwana 120 na shigar da ƙorafi, kuma Stripe a Amurka yana cire dala 15 a kan kowanne, don haka a ƙaramar manhaja mayar da kuɗi cikin mutunci ga wanda ya nema yakan fi araha a kan jayayya. Ka rubuta sharaɗin mayar da kuɗi a fili a shafin saye, ka ba da damar gwada manhajar na wasu kwanaki kafin biya, ka kuma adana ranar da aka kunna kowane lasisi da na'urar da aka kunna shi a kai, domin ita ce hujjar da za ka miƙa idan mutum ya ce bai taɓa karɓar komai ba.